Gyara Kan Yadda Ake Busar Da Silika, Gawayin Tacewa Da Ziyolait

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili domin mu yi gyara a kan wata shawara da ta zama ruwan dare a bakin masu gyaran injuna, masu kula da matatun ruwa, har da wasu ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje. Shawarar ita ce wai duk abin tsotsa (wato ƙwayoyin da ke kama danshi ko wasu sinadarai daga iska ko ruwa) da ya ƙoshi, silika jel ne ko gawayin tacewa ko ziyolait ko alumina, a zuba shi a tanderu a ba shi wuta, zai dawo sabo fil. Wasu har suna ƙarawa da cewa iya wutar iya kyawunsa. Wannan magana tana jawo asarar kaya mai yawa, kuma idan aka zo kan injin oksijin na marasa lafiya ko takunkumin masu aikin fenti, rai take taɓawa.

Waɗannan kayan ba irin aikin soso suke yi ba. Kowace ƙwaya cike take da ramuka, wasu faɗinsu bai kai nanomita 2 ba, alhali sai an tara nanomita miliyan ɗaya kafin a sami milimita guda. Abin da ake son kamawa yakan shiga ramin ya manne a jikin bangonsa. Shi ya sa masu sayarwa ke kuranta kayansu da faɗin bango: giram ɗaya na gawayin tacewa mai kyau yana da murabba'in mita 800 zuwa 1,500, silika jel mai ƙananan ramuka 600 zuwa 800, alumina kuma 200 zuwa 400. Ana auna wannan faɗi da naitirojin a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, bisa lissafin da Brunauer da Emmett da Teller suka fitar a 1938. Sai dai faɗin rabin zance ne. Sauran rabin shi ne abin da ke tsaye a jikin bangon, wato wasu ƙananan rukunonin sinadari da za mu kira hannuwa, domin su ne ke cafke abin da ya shigo. Zafi da danshi ke dasa waɗannan hannuwa, su ne kuma ke tsige su. Buhu biyu za su iya nuna lamba ɗaya a takardar faɗin bango, ɗaya yana aiki, ɗayan ya mutu murus.

Mu fara da silika jel, ƙwayoyin nan masu kama da gilashi da ake gani a ƙananan jakunkuna cikin kwalin magani da kayan lantarki, da kuma cikin gwangwanin numfashin taransifoma. Hannuwan silika su ne oksijin da haidirojin da ke manne da silikon ɗin bango, ana ce musu silanol. Su ke riƙe ruwa. Masanin Rasha Zhuravlev ya auna silika iri-iri masu yawa, ya tarar idan bango ya cika da hannuwansa, akwai kimanin 4.6 a kowane murabba'in nanomita. Daga zafin ɗaki zuwa wajen digiri 200 a ma'aunin Selshiyas, ruwan da aka kama ne kawai ke fita, hannuwan suna nan daram. Da an wuce nan sai labari ya sauya: hannuwa biyu da ke maƙwabtaka su haɗe, su saki ƙwayar ruwa ɗaya, su zama gada tsakanin silikon biyu. Ita kuwa gadar ba ta son ruwa. A digiri 400 kusan rabin hannuwan sun tafi, a 800 ko ɗaya ba ya cika a murabba'in nanomita. Abin da ya lalace ƙasa da 400 yana iya gyaruwa idan silikar ta sake haɗuwa da ruwa, amma wadda ta sha wutar da ta fi haka, dawowarta sai a hankali, kuma ba ta cika dawowa duka. Mai gashin zai ga ƙwayoyinsa fes, babu abin da ido zai nuna masa, ga shi kuwa ya kashe musu ƙishirwa.

Yadda ya dace a yi shi ne a baza ƙwayoyin a farantin ƙarfe ko na gilashi, kaurin shimfiɗar kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, a sa a tanderu mai ma'aunin zafi a digiri 120 zuwa 150. Idan mai launi ce, kada a haura 120, domin rinin da ke nuna ƙoshi yana lalacewa tun kafin silikar ta ji komai. Shuɗiyar da ke komawa ruwan hoda sinadarin kobalt kuloraid ne a jikinta, wanda Tarayyar Turai ta sa a jerin masu iya jawo kansa, don haka ba a busar da ita a tanderun da ake dafa abinci, ba a kuma shaƙar ƙurarta. Mai ruwan lemo ta fi sauƙin sha'ani. Agogo ba shi ne alƙali a nan ba, sikeli ne: a riƙa aunawa bayan kowace awa, idan nauyi ya daina raguwa an gama. Kilo ɗaya na busasshiyar silika, idan ya ƙoshi a iska mai laima sosai, yakan kai giram 1,350 ko fiye kaɗan, saboda haka mai aiki ya san abin da yake jira ya fita. Sannan kuskuren da ya fi yawa yana zuwa ne a ƙarshe, inda ake fito da faranti a ajiye a sarari wai ya huce. Kafin ya huce ya riga ya fara shan laimar ɗakin. A juye da zafinsa cikin gwangwani ko kwalba mai murfin da ba ya shan iska, ya huce a ciki.

Abu biyu kuma ke kashe silika ba tare da wuta ba. Na farko ruwa tsagwaronsa: idan aka zuba ruwa a kan busasshiyar ƙwaya mai ƙananan ramuka, za a ji tana ƙara tas-tas tana tsagewa, saboda zafin da kamun ke fitarwa da kuma matsin ruwan da ke kutsawa ramuka lokaci guda. Garin da ya fito shi ke toshe hanyar iska. Na biyu mai. A gwangwanin taransifoma, idan man ƙoƙon da ke ƙasa ya yi yawa ya tsallaka cikin ƙwayoyin, ya rufe bakin ramuka ke nan, kuma gashi ba ya fitar da shi, sai ma ya ƙone ya bar baƙin dafi a ciki. Irin wannan zubarwa ake yi.

Gawayin tacewa shi ne inda aka fi tafka kuskure, domin halinsa kishiyar na silika ne. Ana yin sa daga ɓawon kwakwa, ko kwal, ko itace. A fara ƙona shi babu iska, sannan a bi shi da tururi a digiri 800 zuwa 1,000. A wannan zafi tururi yana cin kabon ɗin kansa, yana mayar da shi iskar kabon monoksaid da haidirojin, kuma guraben da ya cinye su ne ramukan. Bangon kabon tsantsa ba ya son ruwa, abin da yake so shi ne sinadarai irin su benzin, tururin fenti, magungunan ƙwari da abubuwan da ke ba ruwa wari. Amma a gefen kowane faifan kabon akwai bakin da bai cike ba, kuma nan oksijin ke samun wurin zama. Rukunonin da yake kafawa suna da suna: kaboksil, lakton, finol, kabonil. Ukun farko masu ɗabi'ar asid ne. Kowannensu wurin saukar ruwa ne. Ƙwayar ruwa ɗaya ta kama hannu, ta biyu ta kama ta farko, a haka har su yi curi su toshe bakin rami, abin da aka sayi gawayin dominsa ya rasa hanyar shiga.

Shi ya sa gawayi ke tsufa ko da ba a taɓa amfani da shi ba. Buhun da aka bari a buɗe a wuri mai ɗumi da laima yana ɗaukar oksijin sannu a hankali, wata da watanni. Sabon gawayi ba ya shan ruwan kirki matuƙar laimar iska ba ta kai kashi 40 cikin 100 ba, sai ta haura 50 zuwa 60 sannan ramukan ke cika da sauri. Tsohon da ya sha oksijin kuwa tun laima tana ƙasa yake fara cika. Ga mai sanye da takunkumi mai gwangwanin gawayi, ma'anar wannan ita ce tururin fenti zai ratso ya iso hancinsa tun kafin lokacin da yake zato. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, tana ba da ƙiyasin cewa laimar da ta haura kashi 85 cikin 100 tana rage wa gwangwani rabin kwanansa. Gwangwanin da aka ɓare ledarsa aka rataye a bango, agogonsa ya fara tafiya ko ba a sa shi ba. A matatun ruwa ma haka ne ta wata fuska: gawayi yana cire kulorin ne ta hanyar barin kulorin ɗin ya ci bangonsa, don haka kullum hannuwan asid ƙaruwa suke yi.

Kada a ɗauka hannuwan oksijin sharri ne a ko'ina. Wanda ke son cire dalma ko kadmiyam daga ruwa, su yake nema, domin kaboksil ne ke riƙe waɗannan ƙarafa. Har da gangan ake dafa gawayi a asid naitirik, ko a gasa shi a iska a wajen digiri 300 zuwa 400, don a ƙara masa su. Wanda kuma ke son cire finol ko sauran sinadarai masu wari, hannuwan nan cikas ne gare shi. Gawayi ɗaya, wuta ɗaya, ta gyara wa wani ta ɓata wa wani. Tambayar farko kullum ita ce me ake son kamawa.

Idan aka gasa gawayi cikin naitirojin babu oksijin, hannuwan suna faɗuwa ne bi da bi, kowanne da zafinsa. Kaboksil ne mai raunin ciki, yana fita a matsayin kabon dayoksaid tun daga wajen digiri 200 zuwa 400. Lakton ya fi shi juriya. Finol sai wajen 600 zuwa 700, yana fita a matsayin kabon monoksaid, kabonil kuma har sama da 800. Wanda ya kai 900 ya share kusan duka, gawayin ya koma ɗabi'ar kanwa, wato kishiyar asid. Sai dai guraben da aka tsige hannuwan sun zama kamar ɗanyen miki. Da an fito da shi iska, musamman da sauran zafinsa, oksijin zai koma ya zauna, wani lokaci har gawayin ya ɗau zafi da kansa. Saboda haka a bar naitirojin yana gudana har sai ya huce sarai. Masu son bango ya daɗe a wanke sukan yi gashin cikin haidirojin a wajen digiri 950, domin haidirojin yana rufe bakin guraben. Wannan ɗabi'a ta kanwa ce, tare da tokar da ke jikinsa, ke sa sabon gawayin da aka yi da tururi ya ɗaga pH na ruwa, wato ma'aunin asid da kanwa, sama da 9 a kwanakin farko, abin da ke ruɗa masu matata su zaci an sayar musu da jabu. Wanki da ruwa mai yawa kafin a fara aiki shi ne maganinsa.

To ina matsayin masu tafasa tsohon gawayi ko gasa shi a tanderun gida? Digiri 200 ruwa kawai yake kora da ɗan abin da ke saurin tashi. Manyan sinadaran da suka maƙale a ƙananan ramuka suna nan. Idan aka ƙara wuta a cikin iska, ana dasa hannuwan asid ne, kuma ana dab da tayar da gobara. Farfaɗo da gawayi na gaskiya aikin masana'anta ne: a busar, a ƙona dattin da ke ciki babu oksijin, sannan a bi da tururi a digiri 800 zuwa 900 ya cinye ragowar. Kowane zagaye ana asarar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na gawayin, kuma ƙananan ramuka suna buɗewa su zama manya. Gawayin da ya yi aiki a ruwa mai yawan kalsiyam ya fi saurin lalacewa a nan, domin kalsiyam ɗin da ya taru a ciki yana zuga tururi ya ci bango fiye da kima. Wankin asid kafin a kai tanderu yana rage wannan.

Ziyolait kuwa tun daga sunansa ruwa da wuta ne. Cronstedt ɗan ƙasar Suwidin ne ya raɗa masa shi a 1756, da kalmomin Girkanci masu nufin dutse mai tafasa, bayan ya ga dutsen yana fitar da tururi idan ya ji wuta. Wanda ake haɗawa a masana'anta yana da ramuka masu faɗi ɗaya kamar an yanka da ma'auni, kuma nau'o'insa sun haɗa da 3A, 4A, 5A da 13X. Ginin silikon ne da alminiyam da oksijin, kuma kusa da kowane alminiyam akwai ƙarfe mai caji, sodiyam ko fotasiyam ko kalsiyam ko litiyam, wanda ke riƙe ruwa gam. Yana ɗaukar ruwan da ya kai kimanin kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, kuma yana yin haka ko a iskar da ta kusa bushewa, inda silika ta riga ta gaza. Don haka zafin da ya ishi silika bai ishe shi ba. Yana buƙatar digiri 200 zuwa 300, tare da busasshiyar iska da ke ratsa shi tana kwashe tururin.

Haɗarinsa yana cikin gaggawa. Ziyolait busasshe yana jure zafi mai yawa, jiƙaƙƙe a sanyi ma lafiya lau yake, amma zafi da tururi a tare suna tsinka haɗin da ke tsakanin silikon da alminiyam. Alminiyam ya fice daga ginin, ramuka su rufta, kuma wannan ba ya gyaruwa. Nau'in A da X sun fi rauni saboda alminiyam ɗinsu ya fi yawa. Wanda ya ɗauki jiƙaƙƙen ziyolait ya jefa a tanderun da ya riga ya kai 300, ya dafa shi ne a cikin tururin kansa. Ƙa'ida ita ce a hau a hankali, kamar digiri 1 zuwa 2 a minti, a tsaya a 100 zuwa 120 na awa ɗaya ko biyu har yawancin ruwan ya fita, sannan a ƙarasa. A manyan tankunan busar da iskar gas, gaggawar tana da wata illa: iska mai zafi ta kwaso ruwa daga gefe ɗaya, ta kai shi gefen da bai ɗumama ba, ya koma ruwa a can, ya gangaro ya sake tafasa. Wannan kai-da-komo yana narkar da yumɓun da aka ɗaure ƙwayoyin da shi, su dunƙule su zama kamar kankare a jikin bangon tanki. Alamarsa ita ce matsin da ake buƙata don tura iska yana ƙaruwa, lokacin aikin tanki yana raguwa. Abin sha'awa, matatun man fetur da gangan suke yi wa ziyolait nau'in Y wannan wankan tururi a sama da digiri 500, domin rage masa alminiyam yana sa ya jure wutar fasa ɗanyen mai. Amma su sun auna zafin, sun auna tururin, sun auna lokacin.

A nan ne muke roƙon masu gyaran injin oksijin su saurara da kyau. Gwangwanaye biyun da ke cikin injin ziyolait ne, aikinsa kama naitirojin ya bar oksijin mai tsarkin kashi 90 zuwa 96 cikin 100 ya wuce. Injin yana wanke kansa ne da sauke matsi, babu wuta. Saukar matsi tana sakin naitirojin, amma ruwan da ya shige can ciki ya zauna a kan litiyam ko sodiyam ba ya sakuwa, kuma duk gurbin da ruwa ya zauna naitirojin ya rasa shi. Ɗan yoyo a bututu, ko bawul da ba ya rufuwa, ko ajiye injin watanni a wuri mai laima ba a kunna ba, kowanne yana barin danshi ya ci gaba da mamaye gwangwanin. Injin zai yi ƙararsa yadda ya saba, ƙwallon ma'auni zai tashi, kwalbar ruwa za ta yi kumfa, alhali abin da ke fita ya kusa zama iskar ɗaki. Na'urar gargaɗi takan yi kuka ne idan tsarkin ya faɗi ƙasa da kashi 82. Fasa gwangwani a gasa ƙwayoyin a mayar ba gyara ba ne: zafin bai kai ba, babu busasshiyar iska, kuma kafin a gama ɗurawa sun sake sha. Idan ɗurin bai matse ba kuma ƙwayoyin za su riƙa gugar juna su zama gari. A sauya gwangwanayen da sababbi, a toshe yoyon da ya jawo matsalar, a tabbatar da na'urar auna oksijin kafin a mayar wa mara lafiya.

Alumina, wato haɗin alminiyam da oksijin, ba za mu daɗe a kanta ba. Ta fi silika jure ruwa tsagwaronsa, shi ya sa ake shimfiɗa ta a bakin tanki ta tare wa sauran. Ana busar da ita a wajen digiri 180 zuwa 300. Yawan haɗuwa da tururi mai zafi yana mayar da bangonta wani nau'i mai ƙarancin fili, wutar da ta haura digiri 1,000 kuma tana rufe ramukan gaba ɗaya. Masu rarrabe sinadarai a ɗakin gwaji sun daɗe da sanin cewa ruwa ne linzaminta: a ma'aunin Brockmann, daraja ta ɗaya babu ruwa, sannan a ƙara kashi 3, 6, 10 ko 15 cikin 100 don a sassauta kamunta daidai buƙata.

Duk wannan ana iya gwada shi ba da manyan na'urori ba. Ga silika, a sa giram 10 na busasshiya a ƙaramin ƙoƙo cikin kwalba mai murfi, a ajiye kusa da shi ruwan gishirin da ya ƙoshi har gishiri ya kwanta a ƙasa. Wannan yana tsayar da laimar kwalbar a kashi 75 cikin 100. Idan nauyi ya daina hawa, mai lafiya za ta ƙara kusan giram 3. Ga ziyolait, a zuba ƙwayoyi masu nauyi ɗaya na sabo da na tsoho a kofuna biyu masu ruwa daidai wa daida, a duba ma'aunin zafi: wanda ya bushe kuma gininsa na nan zai ɗumama ruwan sosai, matacce ko jiƙaƙƙe da ƙyar zai motsa ma'aunin. Ga gawayi, lambar aidin, wato yawan sinadarin aidin da gawayin ke kamawa, tana nuna yawan ƙananan ramuka, sabo mai kyau yakan ba da miligiram 900 zuwa 1,100 a kowane giram, amma ba ta faɗin komai game da hannuwa. Wannan sai hanyar Boehm, masanin Jamus da ya tsara ta a shekarun 1960. A jiƙa giram ɗaya-ɗaya na gawayi a mililita 50 na ruwan sinadari uku, kowanne mai ƙarfin mol 0.05 a lita, a girgiza awa 24, a tace, a auna abin da ya rage. Sodiyam baikabonet kaboksil kaɗai yake kashewa, sodiyam kabonet ya haɗa da lakton, sodiyam haidiroksaid ya haɗa har da finol, bambancin da ke tsakaninsu shi ne adadin kowanne. A kori kabon dayoksaid daga ruwan da naitirojin kafin awo, in ba haka ba lissafin zai nuna asid ɗin da babu shi.

Muna ba da shawara kowace ganga ta kasance da takarda a jikinta: ranar da aka buɗe ta, sau nawa aka busar, a wane zafi, cikin wace iska, da nauyinta kafin da bayan busarwa. Gawayin da ya kama asiton ko makamantansa daga dangin kiton kada a bar shi a tanki babu iska mai ratsawa, domin suna haɗuwa da oksijin a jikin bango su tara zafi a wuri ɗaya har wuta ta tashi daga tsakiya. Jiƙaƙƙen gawayi kuma yana shanye oksijin ɗin rufaffen tanki shiru, babu wari babu hayaƙi. Kada kowa ya zura kai ko ya shiga irin wannan tanki sai an hura masa iska, an auna oksijin ɗin ciki ya kai aƙalla kashi 19.5 cikin 100, kuma akwai mutum tsaye a bakin ƙofa riƙe da igiyarsa.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan fannin tace ruwa da iska.